Daga Fulofi 24 Zuwa Layi Ɗaya: Yadda Aka Koyi Sanya Manhaja a Linux

Duk wanda ya sauya sheƙa daga Windows zuwa Ubuntu ko Linux Mint, tambayarsa ta farko gare mu kusan ɗaya ce: a wane shafi zan sauke VLC? Ya saba da shiga intanet ya lalubo fayil mai ƙarewa da .exe, ko ya karɓo shi a filash wajen aboki, ya danna sau biyu, ya yi ta amsa tambayoyi har a gama. Sai mu ce masa ba sai ya je ko'ina ba. Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta sudo apt install vlc, ya sa kalmar sirrinsa, ya amsa da eh. Idan sabis na da kyau, kafin shayinsa ya huce manhajar ta zauna daram. Wanda ba ya son rubutu kuma akwai shago mai hotuna irin na waya, dannawa kawai zai yi.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun saba da wannan layi har mun daina ganinsa. Amma kalmomin nan huɗu amsa ce ga tambayoyi biyu da suka daɗe suna ci wa masu kwamfuta tuwo a ƙwarya. Wa zai ɗauki wahalar haɗa manhaja da duk abin da take buƙata? Sannan wa za ka yarda da shi har ka buɗe masa cikin kwamfutarka? Ta farkon an shawo kanta a ƙarshen shekarun 1990. Ta biyun har gobe ana kanta.

A duniyar Unix, wato babbar manhajar da Linux ta kwaikwaya, masu raba manhaja kyauta ba a dafe suke ba ka ita ba, ɗanya suke miƙo maka. Abin da zai zo hannunka shi ne rubutun asali da mai manhajar ya yi da harshe irin su C, an ɗaure shi cikin fayil guda da wata manhaja mai suna tar, wadda ta fito a 1979, sunanta ma daga kaset ɗin maganaɗisu da ake adana bayanai a wancan zamani ya samo asali. Kai za ka kwance ɗaurin, kai za ka sa kwamfutarka ta juya rubutun zuwa harshen na'ura. Stuart Feldman na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka ya rubuta make a 1976 don ta riƙa tsara wannan girki mataki-mataki, David MacKenzie kuma ya fara Autoconf a 1991 don a riƙa duba irin kwamfutar da ake kai kafin a ɗora tukunya. Daga nan aka samu umarni uku da duk tsohon hannu ya haddace: ./configure, sai make, sai make install.

A takarda abin da sauƙi. A aikace, da wuya a wuce na farko lafiya. Dalili shi ne manhaja ba ta tsayawa da ƙafarta ita kaɗai. Wanda ya rubuta manhajar kallon bidiyo ba ya zama ya ƙirƙiro yadda ake fitar da sauti ko zana harafi a allo. Aron ƙananan manhajoji yake yi da wasu suka riga suka rubuta, waɗanda ake kira laburare. Idan babu ɗaya daga cikinsu a kwamfutarka, aiki ya tsaya. Ka je ka nemo ta, ita ma ta ce sai da wasu biyu, ɗaya daga cikin biyun kuma ta ce wadda kake da ita ta tsufa. Kamar ka zo yin miya a ce babu daddawa, ka je neman daddawa a ce sai ka kawo kalwa, kalwar kuma tana can kan ɗorawa a daji. Ko an yi sa'a an gama, make install watsa fayiloli take yi lungu-lungu ba tare da an rubuta inda kowanne ya faɗa ba. Ranar da ka so cire manhajar sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, in ka iya tunawa.

Wannan ne halin da ake ciki lokacin da Richard Stallman ya shelanta shirin GNU a watan Satumba na 1983, da nufin samar da babbar manhaja wadda kowa ke da 'yancin amfani da ita, ya karanta cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. Haka kuma yake a ranar 25 ga Agusta, 1991, da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya sanar cewa yana rubuta ƙwayar wata babbar manhaja a matsayin abin sha'awa. Ƙwaya kawai ya rubuta, ɓangaren da ke magana da ƙarafan kwamfuta. Sauran kayan, akasarinsu na GNU, sai mutum ya tattaro da kansa. 'Yanci ne na gaskiya, amma a lokacin na waɗanda suka iya girki ne kaɗai.

Sai wasu suka fara dafawa suna rabawa. Cibiyar kwamfuta ta Manchesta a Ingila ta fitar da tata haɗakar a farkon 1992, Peter MacDonald ya biyo da SLS a shekarar, sannan a watan Yuli na 1993 Patrick Volkerding ya gyara kurakuran SLS ya fitar da Slackware. Fitowarta ta farko a kan faifan fulofi 24 ta zo. Kowane fulofi megabait 1.44 yake ɗauka, ke nan dukansu ba su wuce megabait 35 ba, abin da gajeren bidiyon biki ɗaya a wayarka zai haɗiye. Slackware ta ba mutane manhajoji dafaffu a ƙunshe, kuma tana rubuta inda ta ajiye kowane fayil. Abin da ba ta yi shi ne duba ko kana da laburaren da ƙunshin ke buƙata. Har yau ba ta yi, kuma masoyanta na alfahari da hakan. Ita ce mafi daɗewa cikin ire-iren Linux da ake ci gaba da kula da su.

Wata guda bayan Slackware, ranar 16 ga Agusta, 1993, wani ɗalibi ɗan shekara 20 a Jami'ar Purdue ta jihar Indiyana, Ian Murdock, ya sanar da Debian. Sunan haɗi ne na Debra, budurwarsa a lokacin, da nasa. A nan ne, a ganinmu, tarihin ya karya kwana. Murdock ya lura cewa mutum ɗaya ba zai iya kula da ɗaruruwan manhajoji ba, don haka ya ce a raba aikin a fili tsakanin 'yan sa-kai: kowane ƙunshi da mai kula da shi, sunansa a rubuce a jiki. Manhajar da ke sanya ƙunshin, dpkg, ta fara a 1994, Ian Jackson kuma ya sake rubuta ginshiƙinta da harshen C. Fayil ɗin .deb da mai karatu ke gani a yau daga nan ya fito. A cikinsa, ban da manhajar kanta, akwai 'yar takarda da ke faɗin sunanta, da lambar fitowarta, da mai kula da ita, da jerin abubuwan da take dogara da su, da waɗanda ba ta zama inuwa ɗaya da su. Ita kuma dpkg tana riƙe da rajistar duk fayil ɗin da ya shiga da ƙunshin da ya kawo shi.

Ana yawan yabon dpkg, amma abin da ya fi ta muhimmanci ba manhaja ba ne, kundin ƙa'idoji ne. Debian ta rubuta dokokin da kowane ƙunshi zai bi: ga inda ake ajiye fayilolin saiti, ga yadda ake raɗa wa laburare suna, ga abin da ba a taɓawa idan mai kwamfuta ya riga ya gyara shi da hannunsa. Wannan ne ya sa aikin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba yake haɗuwa ya zauna a kwamfuta ɗaya ba rikici. Debian 1.1 ta fito a watan Yuni na 1996 da ƙunshi 474. Debian 12 ta fito a watan Yuni na 2023 da sama da 64,000. (Sunayen da ake sa wa kowace fitowa, irin su Buzz da Slink da Bookworm, daga fim ɗin Toy Story ake ɗauko su, saboda Bruce Perens, wanda ya gaji Murdock a shugabanci, ma'aikacin Pixar ne a lokacin.)

Kamfanin Red Hat ma ya yi nasa a tsakiyar shekarun 1990, wato RPM, aikin Erik Troan da Marc Ewing. Amma da dpkg da RPM duk gurgu ɗaya suke yi: sun iya gaya maka abin da babu, ba su iya kawo maka shi ba. Za ka sauke ƙunshi, a ce sai da wane da wane, ka koma intanet farauta. Turawa har suna suka raɗa wa wannan hali, mai ma'anar azabar dogaro.

Maganin ya fito daga Debian. Wata tawaga da Jason Gunthorpe ke kan gaba a rubutunta ta fitar da gwajin APT a 1998, ta kuma shiga Debian 2.1 a watan Maris na 1999. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. A tara duk ƙunshe-ƙunshen a rumbu ɗaya a intanet, a rubuta cikakken jerinsu da abin da kowanne ke buƙata, a ba kwamfutarka adireshin rumbun. Idan ka rubuta apt update, ba manhaja kake saukewa ba, sabon jerin kawai kake karɓowa. Sababbin shiga da yawa na rikicewa a nan. Idan ka rubuta apt install da sunan manhaja, APT za ta bi jerin ta lissafo duk abin da ake buƙata har jikoki da tattaɓa-kunne, ta nuna maka yawan megabait ɗin da za su ci, ta sauke, ta miƙa wa dpkg bisa tsarin da ya dace. Shi kuwa apt upgrade sabunta duk abin da ke kwamfutar yake yi a tashi ɗaya, daga ƙwaya har manhajar kallon hoto. A da apt-get ake rubutawa. Gajeren apt sai a 2014 ya zo. Kamfanin Conectiva na Birazil ya ɗauki APT ya sa ta yi aiki da RPM, kuma a can aka fara Synaptic, mai ba mutum damar zaɓa da linzami maimakon rubutu. Bangaren Red Hat daga baya ya rungumi yum, wadda aka gina a Jami'ar Duke, sannan dnf ta gaje ta a Fedora a 2015.

Duk wannan an gina shi ne a kan zaton cewa kana da intanet mai sauri wanda ba ya yankewa. A jami'o'in Turai da Amurka zaton daidai ne. A Afirka ba haka ba, kuma mutumin da ya kai Debian ga talakawan masu kwamfuta ya san da haka. Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ne, tsohon ɗan sa-kai na Debian, wanda ya sayar da kamfaninsa Thawte a 1999 kan kusan dala miliyan 575, ya je sararin samaniya a kumbon Rasha a 2002, sannan ya fitar da Ubuntu ranar 20 ga Oktoba, 2004. Kalmar daga harsunan Zulu da Kosa take, tana nufin mutuntaka. Ubuntu ta ɗauki rumbun Debian ta goge shi, ta sa fitowa duk wata shida, ta kuma yi abin da ba a saba gani ba: shirin ShipIt, inda za ka rubuta adireshinka a aiko maka faifan CD ta gidan waya, ko sisi ba ka biya, har kuɗin aike. An raba miliyoyin faifai kafin a rufe shirin a watan Afrilu na 2011. Gidauniyar Shuttleworth ta kuma kafa wasu na'urori a Afirka ta Kudu masu suna Freedom Toaster, ka je da faifanka fanko ka kwafo Linux.

Da yawa cikin tsararmu a Najeriya ta wannan faifai muka fara ganin Linux. To amma faifan babbar manhajar kawai yake kawowa, rumbun yana can ƙetare. A shekarun nan waya ɗaya tak ta ƙarƙashin teku, SAT-3, ke haɗa Najeriya da Turai. Sai a 2010 Main One da Glo-1 suka fara aiki. Intanet ɗin yawancin mutane na shagon kafe ne, ana biya da awa. Ga shi kuma a lokacin Ubuntu ba ta zuwa da abin kunna waƙar MP3 saboda dokokin mallakar fasaha, sai an sauke daga rumbu. Mutum ya sanya sabuwar babbar manhaja cikin murna, ya danna waƙa, a ce masa sai ya hau intanet. A nan tsarin Windows ya yi mana daidai da yanayi: fayil ɗaya ne, komai na ciki, ya shiga filash ya zaga unguwa. Fayil ɗin .deb kuwa ka kai wa aboki ya ce sai da 'yan'uwansa goma sha. An yi dabaru irin su APTonCD don kwashe ƙunshe-ƙunshe a faifai, Linux Mint kuma ta fito a 2006 da abin kunna sauti da bidiyo a jikinta, amma kafin nan kasuwar gyaran kwamfuta ta riga ta saba da hanyarta. Masu cewa wahalar baƙin allo ce ta hana Linux yaɗuwa a wajenmu sun manta da kuɗin awa.

Abin dariyar shi ne tunanin rumbu ya zo hannunmu daga baya ta wata ƙofa. A farkon 2008 Jay Freeman ya fitar da Cydia, shagon manhajoji na wayoyin iPhone da aka ɓalle wa takunkumi, kuma APT da dpkg ne a cikinsa. A watan Yuli na shekarar Apple ta buɗe App Store, a Oktoba kuma Android Market ta biyo, wadda ta koma Google Play a 2012. Android kanta a kan ƙwayar Linux take zaune, ke nan mai karanta wannan a wayar Tecno ko Samsung da Linux yake karantawa. Bambancin shi ne shagon waya kamfani ɗaya ke tsaron ƙofarsa, Apple ma kashi 30 cikin 100 ta fara karɓa daga masu sayarwa, rumbun Debian kuwa ba mai shi, kuma kana da ikon ƙara wani rumbun ko ka kafa naka.

Wannan ya dawo da mu tambaya ta biyu. Kalmar sudo da ke farkon layin, wadda asalinta ya koma wajen 1980 a jami'ar jiha da ke Buffalo, ma'anarta ka ara wa umarnin cikakken ikon maigida. Kowane ƙunshin .deb na iya zuwa da ƙananan umarni da ake gudanarwa da wannan iko lokacin sanyawa. Wanda ka karɓi ƙunshinsa ka ba shi makullin kowane ɗaki ke nan. Shi ya sa daga Debian 4.0 ta 2007 APT ke duba hatimi: jerin rumbun na ɗauke da wata lambar lissafi ta kowane ƙunshi, wadda ko harafi ɗaya aka taɓa sai ta sauya, jerin kansa kuma an buga masa hatimin da Debian kaɗai ke iya bugawa. Saboda haka ko daga wace kwamfuta cikin ɗaruruwan masu riƙe kwafen rumbun ka sauke, ba sai ka yarda da mai ita ba. Aikin mai kula da ƙunshi ya yi kama da na fatoma a tsohon fatauci: baƙo ba ya sanin mai kaya, amma ya san wanda ya tsaya masa. Kwatanta wannan da gyararriyar WhatsApp da ake tura wa juna ta Xender, wadda ba wanda zai iya faɗin hannun da ta bi.

Amma fatoma ma mutum ne. A watan Satumba na 2006 wani gyara da aka yi wa ƙunshin OpenSSL na Debian, da niyyar kawar da wani gargaɗi na manhajar binciken kurakurai, ya lalata hanyar samar da makullan sirri, har ya zama ire-iren makullan da za su iya fitowa ba su wuce kusan 32,000 ba, adadin da kwamfuta ke gwadawa cikin ɗan lokaci. Sai a watan Mayu na 2008 Luciano Bello, ɗan Debian daga Ajantina, ya gano. Masu OpenSSL na asali ba su da wannan aibi. A hannun mai shiga tsakani ya shigo, ya kuma gangara har Ubuntu.

Akwai kuma ƙorafin tsufa. Debian kan daskarar da rumbunta na kusan shekara biyu, gyaran tsaro kawai ke shiga, don haka manhajar da ka samu na iya zama ta bara waccan. Masu rubuta manhaja su ma sun gaji da ƙunsa abu ɗaya sau goma don Debian da Fedora da sauransu. Torvalds da kansa ya tsaya a taron Debian na 2014 a Portland ya ce manhajarsa ta masu nutso a ruwa, Subsurface, ya fi sauƙin fitar da ita don Windows da Mac a kan Linux. Daga irin wannan kuka aka samu AppImage, da Snap na kamfanin Canonical mai Ubuntu, da Flatpak da Alexander Larsson na Red Hat ya fara, dukansu a kan tunani ɗaya: manhaja ta zo da laburarenta a jaka. Wato an zaga an dawo kusa da .exe, sai dai Snap da Flatpak sun ƙara shinge da ke rage inda manhaja ke iya taɓawa. Farashinsa nauyi ne. Abin da zai ci megabait kaɗan a apt na iya jawo ɗaruruwa a karon farko, kuma mai sayen data da kuɗinsa ya san bambancin. Rigima ma ba ta ƙare ba: a 2020 Linux Mint ta toshe Snap saboda shagonsa na hannun Canonical kaɗai. Shawararmu ga sabon shiga ba ta sauya ba. Ya fara duba rumbun da ya zo da kwamfutarsa, in babu ko ya tsufa ya leƙa Flathub, kada kuma ya kwafi umarni mai sudo daga shafin da bai san mai shi ba.

Gwaji mafi tsanani ya zo a 2024. Akwai wata ƙaramar manhajar matse fayiloli, xz, wadda kusan kowace Linux ke ɗauke da ita, kuma shekara da shekaru mutum ɗaya, Lasse Collin, ke kula da ita ba albashi. Daga 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko gyare-gyare masu amfani. Wasu sunaye kuma suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa aiki na tafiyar hawainiya, ya nemi mataimaki. Sannu a hankali Jia Tan ya samu ikon fitar da sabon xz da kansa. A fitowa ta 5.6.0 a Fabrairu da ta 5.6.1 a Maris ya dasa ɓarauniyar hanya. Ya ɓoye kayan aikin cikin fayilolin gwaji, abin tayar da su kuma ya sa shi a cikin ɗaurin tar kaɗai, inda zai farka lokacin ./configure, kuma sai idan ana gina .deb ko RPM ne. Abin da aka nufa shi ne OpenSSH, manhajar da ake shiga manyan kwamfutocin intanet da ita daga nesa. Ita ba ta dogara da xz kai tsaye, amma a Debian da Fedora an haɗa ta da wata laburare ta systemd, wadda ita kuma ke jingine da ta xz.

Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki a kan PostgreSQL, yana gwaje-gwajensa a reshen Debian na sababbin kaya sai ya ga shiga ta SSH na cin ƙarfin kwamfuta fiye da ƙima, yana kuma ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, ya fallasa abin ranar 29 ga Maris, 2024. A lokacin gurɓataccen xz ya riga ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, amma Debian 12 da jama'a ke amfani da ita tana nan a kan tsohuwar 5.4.1, saboda daskarewar nan da ake yi mata gori a kai. Ubuntu 24.04 saura makonni ta fito. Canonical ta ɗage fitowar gwajinta da mako guda, ta sake gina ƙunshe-ƙunshen daga tushe.